Kwana Goma Sha Ɗaya da Kara a Ido

Ni dai tun ina yarinya Allah ya ɗora mini ƙyanƙyami. Ba na cin tuwo a akushin da ban ga wankinsa ba, kuma in ƙuda ya faɗa mini a koko, to kokon ya zama na awaki. Mijina Mika'ilu har ya koma ga Allah yana yi mini tsiya, wai da ana wanke ruwa da na wanke shi kafin in sha. Wannan halin ne ya ciyar da ni bayan rasuwarsa, don duk Yalwawa da masu hawowa kasuwar Dutse sun san furar Rabi'atu ba tsakuwa, ba gashi, ba ƙuda. Da Allah ya tashi jarraba ni kuwa, sai ya saka mini ƙazantar a fuskata.

Abin ya fara kamar ciwon idon da kowa ke yi da bazara. Ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya, har fatar idona ta kaɗe ta ciki, gashin ido ya juya yana kallon ƙwayar. Duk ƙiftawa ɗaya sai in ji kamar an goga mini ƙaiƙayi. Na rataya hantsaki a wuya da zare, bayan kwana uku uku in zauna in tsige gashin da lalube, shi kuma ya sake tsirowa gajere mai tsini, ya fi na da mugunta. A shekarar da aka ce jirgin ƙasan Nasara ya iso Kano, idon dama ya yi fari fat ya mutu. Shekara uku bayan nan na hagun ya fara bin sahu. Ina ganin mutum kamar ta bayan hayaƙi, kwantsa kuma ba ta yankewa ko na wanke sau goma.

Wata ranar kasuwa wata mata daga Aujara ta tsuguna a gabana, ta ɗauki curin fura, ta ɗaga kai ta kalli fuskata, sai ta ajiye shi a hankali ta goge hannunta a zane. Ban ga laifinta ba, don da ni ce a wurinta da ko tsugunawar ba zan yi ba. A ranar na ɗauke ƙwaryata na koma gida, na aika a kirawo mini Lado wanzami daga Garu.

Lado sa'ana ne, tare muka yi wasan ƙasa, kuma shi kaɗai ne a yankinmu aka san yana taɓa fatar ido. Ya zo da hantsi, ya zaunar da ni a gindin dabinon bayan gida, ya buɗe zabirarsa. Ya kamo fatar saman idon hagu da yatsu biyu, ya ja ta sama har ya ga gashin ya ɗago daga ƙwayar. Ya ɗan tsaga da aska, sa'an nan ya ɗauko sillen kara da ya tsage biyu, ya matse fatar a tsakani, ya ɗaure bakin nan da bakin can da zare tamau. Ban yi ihu ba, amma na zagi Lado, na zagi zabirarsa, na haɗa da wanda ya koya masa sana'ar.

"Zagi dai ki ƙare, mai fura," in ji shi yana wanke hannu. "Yanzu ki buɗe kunne. Fatar nan da na matse mutuwa za ta yi. Za ta yi baƙi, ta bushe, ta faɗi da kanta tare da karan, kwana goma ko sha biyu. In ta faɗi, fatar ido ta gajarce, gashi ya kalli waje, kin huta."

"In ba ta faɗi ba fa?"

"Za ta faɗi in kin bar ta ta bushe. Ki dafa ruwa da bagaruwa, ya huce, ki goge gefe da gefe safe da yamma. Tsumma wankakke kullum. Ba hayaƙi, ba daka, ba sunkuyo a kan tukunya. Kada ƙuda ya sauka. Kuma kada ki bar kowa ya sa miki komai, daga hannunsa ne ko daga bakinsa. Duk idon da ya lalace a hannuna ba karana ne ya lalata shi ba, 'yan dubiya ne."

Na ce masa ai ya san da wa yake magana. Ni da ba na barin a leƙa mini tukunya, wa zai taɓa mini ido? Na faɗi haka da cika baki, don a lokacin na manta da Malam.

Malam Maharazu wan mijina ne. Da Mika'ilu ya rasu shi ya ce ba inda zan je, ya bar mini ɗakina a cikin gidansa, ya noma gonar marigayi bai taɓa ko zangarniya ɗaya ba, ya aurar da 'yata Hassana a Kiyawa kamar shi ya haife ta. Mutum ne wanda in ya wuce ta ƙofar gida maza ke tsugunawa. Ban taɓa ɗaga ido na kalle shi sosai ba ko lokacin da nake da idon, balle in ce masa a'a. Aibinsa ɗaya a wurina, goro. Daga asuba zuwa magariba bakinsa ba ya hutawa, kuma haƙoransa na gaba sun zube tun tuni.

Washegari da hantsi na ji ƙarar sandarsa a tsakar gida, na ji sallama. Na jawo zane na rufe kaina na tsuguna. Abin da nake iya gani farar riga ce kawai ta toshe hasken ƙofa, sai warin goro da na tsohuwar tawada.

"Rabi, ya jiki? An ce Lado ya yi aiki."

"Da sauƙi, Allah ya gafarta Malam."

Ya tambaye ni yadda nake alwala, na ce ina shakka. Ya ce in wanke sauran fuskar in shafa a kan tsumman, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Na ji daɗin wannan har zuciyata. Sai ya ce, "Matso in yi miki addu'a."

Na san abin da ke tafe, amma ƙafafuna da kansu suka matsa. Ya laluba da babban yatsa ya ɗage tsumman, ya taɓa karan, har na ji zafin ya harba mini a ƙeya. Ya yi ta karatu ƙasa ƙasa. Tofi a wurin wasu malamai iska ce kawai, ɗan huci da ba ya jiƙa komai. Na Malam ba haka yake ba, don ba haƙoran da za su tare. Sau uku ya tofa, kowanne da ɗuminsa, da tukar goro a ciki. Na ji yawun ya kwanta a kan ɗanyen ciwon, ya bi ƙarƙashin karan, ya gangaro ta gefen hancina har ya tsaya a kusurwar bakina. Na datse leɓe na ce amin ta hanci.

Yana fita na rarrafa bayan rumbu na amayar da duk abin da ke cikina. Na goge wurin da ruwan bagaruwa har hannuna ya gaji, ina tsamo ɓarɓashin goro daga jikin zaren da farce. Ba addu'ar na ƙi ba, Allah ya sani. Da za a raba mini ita da yawun, da na karɓa da hannu biyu.

Da azahar sai ga facalata Talatu, matar Malam, da ludayi a hannu. Mace ce mai kirki, amma irin kirkin nan mai son ya ga ya ɗura maka wani abu.

"Ungo, nonon mai jego ne, yanzu aka tatso mini a maƙwabta. Ɗiga uku kawai. In bai yi ba, gobe in tari fitsarin saniya na sassafe, shi ya warkar da kakata."

"Kakar taki da ta mutu ana jan ta da sanda?"

"Ai tsufa ne wannan."

"Talatu, mayar wa jaririn abincinsa. In kika matso da ludayin nan zan kifar miki da shi a ka."

Ta fita tana dariya tana cewa baƙin halina ko a kabari sai ya tsince ƙasa. Talatu mai sauƙi ce, tsakaninmu akwai wasa. Amma Malam ya dawo washegari, ya sake dawowa wanshekare, kowace safiya sau uku.

A rana ta uku idon ya kumbura ya rufe ruf, yana bugawa kamar ana kirɓa fura a cikinsa. Na fara jin wani wari yana bi na duk inda na juya, irin na naman da ya kwana a rufe. Na duba ƙarƙashin gado da lalube ko ɓera ne ya mutu. Sai daga baya na gane daga fuskata yake fitowa.

Lado ya zo duba aiki da yamma. Ya ɗage tsumman, ya sunkuya ya shinshina, sai na ji ya ja da baya.

"Wa ya jiƙa mini aiki?"

"Malam ne. Tofi yake yi mini kullum."

Ya sa yatsu biyu ya matsa gefen karan, wani abu mai kauri ya fito ya gangaro mini a kunci. Ya goge, ya sake matsawa, ya sake gogewa. Na roƙe shi kada ya gaya mini kalarsa.

"Mai fura, ba zan ɓoye miki ba. Mugunyar nan tana sama tukuna. In aka ƙara kwana biyu ana jiƙa wurin, za ta sauka cikin ƙwayar. In ta sauka, ki nemi sanda."

"To ka je ka gaya masa. Kai namiji ne, kai ka yi aikin."

"Ni?" in ji Lado. "Shekara ashirin ina yi masa aski ban taɓa fara magana ba sai ya fara. Shi ya raɗa wa 'ya'yana suna. In je in ce masa addu'arsa ce ke ruɓar da ido? Ke ce ta gida, ki san yadda za ki yi."

Ya naɗe zabirarsa ya tafi, jarumin da ke tsaga fatar mutane ba ya ko ƙiftawa. Na raka shi da tsaki.

Da safe na tattara duk ƙarfin halin da nake da shi. Bayan mun gaisa na ce, "Allah ya gafarta Malam, da ma a ruwa aka tofa mini in sha, don kada Malam ya riƙa wahalar sunkuyo."

"Kin yi tunani," in ji shi. "Za a yi miki na sha. Amma ciwo a inda yake ake bin sa. Matso."

Ranar na sami biyu. Ya tofa a idon, ya kuma tofa a ƙoƙon ruwa ya miƙo mini. Na karɓa na ce sai ya ɗan jima zan sha. Da ya fita na riƙe ƙoƙon ina juyayi, don ruwan da aka karanta wa ayoyi ba a watsar da shi inda ake takawa, ni kuma ko za a yanka ni ba zan iya kai shi baki ba. Na kai shi gindin dabino na zuba da bismilla.

A nan gindin dabinon na zauna na yi kuka da idon da ya mutu, don mai ran ba ya ko buɗuwa. Na ga kaina ana ja na zuwa Kiyawa in zauna a ɗakin suruki, ana miƙo mini tuwo in ci ban san hannun da ya tuƙa ba, ban san abin da ya faɗa ciki ba, har ƙarshen raina. Ina share hawayen ne hannuna ya tsaya a kan mataccen idon, sai dabara ta zo mini. Ba dabarar kirki ba ce, na sani tun a lokacin.

Na zaro sille daga dangar kara, na tsaga shi biyu, na ɗaure bakunansa da zaren kaɗina daidai yadda na ji Lado ya yi. Na jiƙa ƙaro na shafa, na manna shi a fatar idon dama, na rufe da tsumma. Idon hagu kuwa na sauko da ɗankwali na rufe shi, na ƙara da gefen zane. Da Malam ya zo na zauna na ba bango hagu, kamar mai jin kunya, abin da ba wanda zai yi mamakinsa.

Ya laluba ya ɗage tsumman. Yatsansa ya sauka a kan karan ƙarya, ya tsaya. Ya daɗe a wurin. Na ce yau asirina ya tonu, kuma a gaban mutumin da ya riƙe ni shekara tara. Sai kawai ya fara karatu. Ya yi wanda ya fi na kullum tsawo, ya tofa sau uku, ya mayar da tsumman, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Yawun dai yawu ne, ɗumin nan da tukar nan ba abin da ya ragu, kuma na sake ziyartar bayan rumbu. Amma idon hagu ya wuni a bushe.

Haka muka yi kwana bakwai. Kullum da safe in manna kara, in miƙa mataccen ido, in ce amin, in yi istigfari bayan ya fita. Na tsani kaina a kwanakin nan. Mace da furfura tana yaudarar malami a cikin addu'a, wannan ko a bakin 'yan daudu ban taɓa jin irinsa ba. Sai dai kumburin ya fara saɓewa, bugawar ta ragu, mugunyar ta ƙafe.

Sauran jinyar ni na yi wa kaina, don ban yarda da hannun kowa ba. Na ware kasko sabo na dafa bagaruwa, in hura wutar in koma nesa har hayaƙin ya wuce. Tsummoki uku na yanka daga farin zanen da na ajiye, ina wanke su da toka ina shanyawa a cikin ɗaki, don a waje ƙudaje ke sauka a kai. Ƙudajen bazara kuwa sun ji labarina har daga mahauta. Na wuni da mafici a hannu, in hannun dama ya gaji in koma na hagu. Fatar da ke tsakanin karan ta tashi daga kumburi ta koma yauƙi, daga yauƙi ta fara tauri, kuma warin bai tafi ba, sai dai ya sauya ya koma irin na majema. Akuyar Talatu ta riƙa biyo ni tana ɗaga hanci. Da ƙaiƙayi ya zo, na ɗaure hannuna na hagu a ƙugu da zane don kada in yi wa kaina ɓarna. Wata rana na ji abu yana tafiya a ƙarƙashin tsumman, na sandare na ce shi ke nan tsutsa ce. Ashe gumi ne, amma ban iya cin abinci ba ranar.

Abincin ma Talatu ke kawowa, tunda an hana ni daka da tuƙi. Ina ci ina jin yashi a haƙori, ina haɗiyewa ina godiya. Ita ce ta zo mini da labarin wai wani Bature ya sauka a Dutse yana ƙirga gidaje, kuma an ce yana da wani shuɗin dutse da ake goga wa masu ciwon ido. Ta ce mu je a gwada. Na ce mata hannayen da suka taɓa fuskar nan sun isa haka, ba sai an ƙaro na wanda ba ya tsarki da ruwa ba.

A rana ta goma sha ɗaya, bayan Malam ya yi tofinsa ya fita, ina zaune a bakin ƙofa ina goge gefen idon, sai na ji wani abu ya saki. Karan ya faɗo ya bugi gwiwata ya gangara ƙasa. Na ɗaga fatar ido a hankali. Na ƙifta, ban ji komai ba. Na sake ƙiftawa. Shekara bakwai rabona da in ƙifta ido ban ji kamar an soke ni ba.

Na duba ƙasa, kuma na gan shi. Ga karan, ga zaren Lado, ga wani ɗan baƙin abu a matse a tsakani kamar busasshiyar kuɓewa. Naman jikina ne, ya kamata in haƙa rami in binne shi. Kafin in miƙa hannu sai wata jar kazar Talatu ta zo a guje ta tsince shi, ta girgiza kai karan ya faɗi gefe, ta haɗiye fatar ina kallo. Abin da na fara gani sosai da sabon idona ke nan. Na jefe ta da mafici ban same ta ba. Daga ranar ban ƙara cin ƙwai a gidan nan ba, kuma da aka yanka ta bayan salla na ce azumin nafila nake yi.

Ban gama da wannan ba na shiga ɗakina. Hayaƙin da ke idon bai tafi duka ba, amma ya yi sauƙin da zan ga abin da ke gabana, kuma da ma ban gani ba. Yanar gizo ta cika rufin. Akwai kashin ɓera a cikin geron da na ajiye. Na ɗauko ƙwaryar furata, wadda nake wankewa sau biyu kullum, wadda nake taƙama da ita a kasuwa, na kai ta haske. Duk tsagar da ke jikinta cike take da baƙin datti, har da wani kore kore a gindin ɗinkin. A cikinta nake sayar wa mutane fura shekara uku ina yi wa wasu kallon ƙazamai. Na fita da ita bayan gida na taka ta da ƙafa.

Lado ya zo da yamma ya duba, ya ce gashi ya kalli waje, ƙwayar ta tsira, in ci gaba da bagaruwa kwana bakwai. Ya tambaye ni yadda na yi da Malam. Na ce masa ya je ya tambayi Malam ɗin, tunda sun saba hira.

Da safe ban manna komai ba. Na zauna na rufe kaina kamar kullum, na ji sandar tana tahowa. A karo na farko na lura ba dogara ta yake yi ba, bango yake nema da ita. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ni kuma na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga ido na kalli fuskarsa.

Fatar idanunsa duka biyu ta yi ja ta kumbura ta naɗe ciki. Ba a ganin gashin ko ɗaya, duk suna ciki suna aiki. Kwantsa ta taru a kusurwoyin, ta bushe wani wuri, wani wurin tana ɗanya, hawaye ya yi hanya a kumatunsa har cikin gemun da goro ya rina. Ƙudaje biyu na zaune a gefen idon hagu, bai kore su ba. Yatsun ƙafarsa duk tuntuɓe ne, babban har ya cire farce. Zuciyata ta tashi kamar yadda ta saba, ba zan yi ƙarya ba.

"Allah ya gafarta Malam, karan ya faɗi jiya. Ina gani."

"Alhamdu lillahi." Ya laluba ya zauna a kan turmin da ke kife. "Na hagun ne ya faɗi, ko na daman?"

Na sunkuyar da kai ina jin kunnuwana suna zafi.

"Rabi, hannuna bai manta dama da hagu ba. Kuma ƙaro kika sa, har gida na je yana manne mini a yatsa."

"Malam, ka gafarce ni. Lado ne ya ce in wurin ya jiƙe..."

"Na sani. Tun ranar da kika ce a tofa miki a ruwa na so in gane, ban gane ba sai da na taɓa ƙaron."

"To me ya sa Malam bai daina ba?"

"In na daina, mutanen gida su ce me? Su ce Malam ya yi fushi da matar ƙaninsa, ko su ce kin kore ni. Kin miƙo, na tofa. Wanda ake roƙo ya san idon da ake nufi."

Ya murza kan sandarsa. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa, don kada Talatu ta ji daga madafi.

"Da zafi sosai?"

"Da zafi, Malam. Da wari kuma. Amma yana wucewa."

"Shekara biyu rabona da in ga baƙi a takarda. Da ka nake biya wa ɗalibai, in riƙe littafin a hannu don kada a sani. Jiya da aka ce kin gani, na yi niyyar in aika wa Lado." Ya goge kuncinsa da hannun riga. "Sai na tuna. Ran da aka ji Maharazu na kwance, malaman Kiyawa za su zo, na Aujara za su zo, har da 'ya'yan malamaina. Kowa da addu'arsa a baki, kuma ba wanda zan iya ce wa ya tsaya daga nesa. Ke kina da mataccen ido da kika miƙa. Ni nawa duka biyun da sauran rai. Wanne zan miƙa musu?"

Ƙudajen nan biyu suna nan a gefen idonsa, ɗaya har ya fara shiga cikin kwantsar. Ban kau da kai ba. Na jawo mafici na matsa kusa na kore masa su.